Sitiyari na rawa idan na wuce gudun 80, me ke kawo shi?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin mota. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2009, otomatik, da ita nake zirga-zirga tsakanin Kumasi da Accra saboda kayan shago. A cikin gari lafiya lau take, daga Aboabo zuwa Kejetia ko Tafo ba ka jin komai. Amma da zarar na wuce Ejisu hanya ta buɗe, allura ta taɓa 80, sai sitiyari ya fara rawa a hannuna. A 100 har madubin ciki karkarwa yake, ba na ganin motar da ke bayana sosai. In na sauko ƙasa da 70 sai ta nutsu.

Wani fita, wato makaniki, ya ce filogi ne, aka canza. Wani ya ce alaimen, aka yi. Yanzu kuma an ce in sayi shokabzoba biyu na gaba. Kuɗi na ta tafiya, rawa tana nan. Kafin azumi na sa tayoyin gaba biyu na hannu, kuma na taɓa faɗawa wani rami da dare wajen Konongo. Iyalina suna shiga motar nan, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Yaron Asawase:
Wa alaikumus salam yayana. Balansin ne wannan. Tawa ma haka ta yi, aka ɗora tayoyin a inji aka manna musu dalma, shi ke nan.

Tsohon Fita na Magazin:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka sayi shokabzoban nan tukuna. A Magazin na Suame, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, na girma cikin baƙin mai, kuma abin da ya fi ɓata mini rai a sana'armu shi ne a fara kwance mota kafin a tambayi mai ita yaushe take rawar, kuma a ina yake jin ta. Kai ka riga ka amsa duka biyun: a sitiyari, kuma da gudu take zuwa. Wannan ya wanke inji. Da filogi ne ko injin sit, wato robar da inji ke zaune a kai, to ko a tsaye kake a danja, ƙafarka kan birki, za ka ji motar na girgiza. Alaimen kuwa in ya lalace, mota ja take yi zuwa gefe guda, tana cinye taya ta gefe. Ba kasafai shi kaɗai yake kawo rawa ba.

Yaron Asawase yana kan hanya. Dubi fankar silin da fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe: a lamba ɗaya ba ka lura, ka kai ta biyar sai ta kama lilo. Haka taya take in nauyinta bai daidaita ba, kuma tsakanin 80 da 110 aka fi jin ta. Sai dai tayoyin hannu da ramin Konongo sun sa ina zargin abin ya wuce dalma. Taya tana da wayoyin ƙarfe a cikinta. In ta tsufa ko ta daki rami da ƙarfi, wayoyin kan rabu da roba, wuri guda ya kumbura. Irin wannan ko sau nawa aka yi mata balansin ba ta daina rawa, domin ta daina zama da'ira.

Ga abin da za ka yi kafin ka ƙara kashe ko sidi ɗaya a kan kaya. Je wurin falkanaiza ya mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, kowace a gefenta. Ka hau hanya. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera da bayanka, to taya ce ko rim, an gama magana. In tana nan a sitiyari yadda take, a ɗaga gaban da jak, a sa abin tokarewa, kada ka yarda kowa ya shiga ƙasa da jak kaɗai. Kama taya dama da hagu ka jijjiga: in akwai wasa, tayarod ne, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Kama sama da ƙasa: in ta motsa, a duba boljoin, mahaɗin da ke riƙe ƙafar taya, ko boris, wanda taya ke juyawa a kansa. Boris ma yakan yi gurnani da ke ƙaruwa da gudu, ya sauya murya in ka karya kwana.

Tun da an ɗaga ta, juya tayar da hannu a hankali, ka tsugunna daidai gabanta ka zuba ido kan zanen. Mai lafiya miƙe take tafiya. Mai ciwo za ka ga zanen ya yi ɗan lanƙwasa a wuri guda, ko ta ɗago ta koma. Shafa tafin hannunka a kai ma za ka ji tudun, amma a hankali, waya kan leƙo ta yanki mutum. Rim kuma a duba bakinsa na ciki, can rami yake lanƙwasawa, inda ido ba ya kaiwa daga waje.

Direban Tamale:
Masta ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni ƙari biyu ne nawa daga hanyar Techiman zuwa Kintampo. Na farko, noti. Duk wanda ya cire maka taya, ka tsaya a kansa ya ɗaure su ɗaya tsallake ɗaya, ba a jere ba, sannan ka sake gwada su bayan ka ɗan yi tafiya. Na biyu, lokacin damina laka kan bushe a cikin rim, ita kaɗai ta isa ta sa sitiyari rawa. Ka wanke ciki kafin a yi balansin.

Kuma ɗan'uwa, ka duba shekarun tayar. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekara. Misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Zane mai kauri ba shi ne lafiyar taya ba, roba tana bushewa ko ba a hau ta ba.

Ɗan Aboabo:
Baba Masta, na yi yadda ka ce. Da aka juya tayoyin, sitiyari ya yi shiru, sai kujera ta ɗauka. Muka sake cire su, ta dama kuwa tana da tudu a tsakiyar zanen, faɗin tafin hannu, da ƙananan tsaga a gefe. Lambarta 1416. Na cire duka biyun na sa sababbi, aka yi balansin. Jiya na kai Nkawkaw na dawo, sitiyari bai motsa ba. Allah ya saka muku da alheri. Saura abu ɗaya: in na taka birki daga gudu mai yawa, musamman a gangara, ina jin fedar tana ɗan bugun ƙafata. Shi ma taya ce?

Tsohon Fita na Magazin:
Alhamdulillahi, na ji daɗi ƙwarai. Tayar nan da ta fashe maka a 100 da yara a baya, Allah kaɗai ya san yadda za ta kasance.

Wannan na birkin ba taya ba ce, diskin gaba ne fuskarsa ba ta daidaita ba. Zafi ne ke jawo shi, ko datti da tsatsa tsakaninsa da inda yake zama, ko noti da aka ɗaure da ƙarfin da ya wuce kima. Bugun ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, daban ne, shi sai ka taka birki da ƙarfi ko a kan santsi yake zuwa. A jikin diskin an rubuta mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. A auna. In akwai saura, masu injin gogar ƙarfe a Magazin za su goge maka shi, in babu ka canza duka biyun tare da sababbin fad, wato takalman birki. Ka ce a duba fil ɗin kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin diski, a shafa musu giris, domin in sun maƙale birkin zai riƙa riƙe diskin yana dafa shi, matsalar ta dawo. A doguwar gangara kuma ka sauke giya zuwa 2, inji ya taya ka riƙe motar, kada ƙafarka ta zauna kan birki tun daga sama har ƙasa.