Wai Dubai ta fi kowane birni armashi?

Alhaji mai wayoyi, Aboabo ta Kumasi: Salamu alaikum jama'a. Na dawo daga sari lafiya, kuma na zo da magana: duk duniya babu birni mai rai da armashi kamar Dubai. Sha biyun dare a unguwar Deira mutane na ta kai-komo, wuta ba ta ko ƙiftawa, jirgin ƙasa na tafiya ba direba. Ga benen Burj Khalifa mai tsayin mita 828, da yamma ruwa na rawa a gindinsa. Mai ja ya fito.

Ɗan Nima: Barka da dawowa Alhaji. Da girmanka, ni ne na farkon masu ja. Kai da aljihu cike ka je. A can kusan kowane abin kallo sai ka yanki tikiti. Idan zafi ya shigo, ya haura digiri 40, titi fayau yake da rana, kowa ya ɓuya a manyan kantuna yana shan sanyin na'ura. Mafi yawan mazaunanta ma baƙi ne da neman kuɗi ya kai su. Ka zo unguwarmu Nima a Accra ranar Sallah ka ga titi ya cika har Mamobi, dawakai, kiɗa, cincinga, ba wanda zai tambaye ka ko sidi ɗaya.

Kawu direba: Ku biyun duk yara ne a wannan fage. Legas! Wanda bai kwana a Agege ko Obalende ba bai san birnin da ba ya barci ba. Ƙarfe ukun dare mai tsire na fifita wuta, mai shayi na soya ƙwai, yaran danfo na kiran fasinja. Ranar Asabar kuwa kowace unguwa da bikinta, an yi anko, an kafa rumfa.

Hajiya mai waakye: Kawu, wannan ai wahala ce kake yi wa kirari. Mutum ya tashi ƙarfe huɗun asuba don ya riga cunkoso a gadar Third Mainland, ya dawo gida bayan isha'i, sai a ce birni ba ya barci? Hana shi barcin aka yi.

Kawu direba: Hajiya kin taɓa ni. Amma ko a cikin cunkoson ana ciniki ana raha.

Malam Azhari: Ku ba ni dama. Na yi karatu a Alƙahira, kuma duk wuraren da kuka ambata ban ga wanda zai kama ƙafarta a watan azumi ba. Kafin a sha ruwa ana jera tebura a gefen titi, masu hali ne ke ɗaukar nauyi, duk wanda magariba ta riska sai ya zauna ya ci, ba a tambayar daga ina yake. Ana idar da tarawihi gari ya buɗe. Tsakanin masallacin Azhar da na Husaini, har cikin kasuwar Khan al-Khalili, sai ka riƙa turawa kafin ka wuce. Fitilun azumi a rataye a kowane lungu, yara na yawo da nasu a hannu, tsofaffi na shan shayi a bakin hanya, iyali guda har da jarirai suna zaune ƙarfe biyun dare. Can sai mai ganga ya biyo unguwa yana tada masu sahur, a ci waken ful da gurasa. Azhar ta haura shekara 1,000 a wurin nan, birnin da kewayensa mutum sama da miliyan 20. Kuɗi na gina bene cikin shekara biyar, Alhaji, amma irin wannan dare sai an gaje shi.

Auta, ɗalibin jami'ar KNUST: Malam, in cika titi ne ma'auni, ai Rio ta Birazil ta cinye gasar. Bikinsu na Fabrairu ko Maris miliyoyin mutane ke fitowa.

Malam Azhari: Auta, ka ga irin shigar da ake yi a wurin? Abin da ba za ka iya kallo tare da Mma ba, kada ka kawo mana shi nan.

Ɗan Nima: Ku bar yaro, Birazil ba baƙuwarmu ba ce. Mutanen Tabom, 'yantattun bayi 'yan asalin Afirka, daga can suka dawo a ƙarni na 19 suka zauna a Accra, gidansu Brazil House na nan a Jamestown. A unguwar ce kuma aka fara bikin zane-zane da wasannin titi na Chale Wote a 2011. Ga shagulgulan Disamba: tun Year of Return na 2019, shekarar da Ghana ta gayyaci baƙar fata na ƙetare su dawo gida, duniya ke zuwa mana.

Magajiya, Asawase: Wa take zuwa wa? Disambar taku ta masu dala ce. Otal ya yi tsada, kuɗin mota ya tashi, ɗan zango na jin kiɗa daga bayan katanga. Sannan ku da ake hana ku kiɗa da hayaniya wata guda cur kafin bikin Homowo na mutanen Ga, ku ne za ku yi mana gorin armashi? Mu a Kumasi duk kwana 42 akwai bikin Akwasidae a fadar Manhyia, Otumfuo sarkin Asantawa ya fito da laima da zinariya da tambura. Ranar da ƙungiyar ƙwallonmu Kotoko za ta kara da Hearts ta Accra a filin Baba Yara, tun safe gari ya rine ja. Kasuwar Kejetia kuwa kullum sallah ce. Ko jana'izar Asantawa ta ranar Asabar ta fi wasu bukukuwanku cika.

Ɗan Nima: Magajiya, garin da ƙarfe goma kowa ya ja ƙofa?

Magajiya, Asawase: Ka zo Aboabo da goman ka gani, in ka samu wurin zama gun mai shayi.

Hajiya mai waakye: Ni tambayata ɗaya ce, kuma duk ku maza ba wanda ya taɓo ta sai Malam. Ina ne mace za ta fita da 'ya'yanta bayan isha'i da 'yan canji a jaka, su ci, su sha kallo, su dawo gida hankali kwance? Birnin da ya iya wannan shi nake ba wa. Da wannan ma'auni Legas ta faɗi, Disambar Accra ta faɗi.

Alhaji mai wayoyi, Aboabo: To Hajiya, kin dawo gidana ba ki sani ba. A Dubai mace na yawo da dare da jakarta ba mai fizgewa. Kwalekwalen da ke tsallaka ruwa daga Deira zuwa Bur Dubai dirhami ɗaya ne. Rawar ruwan nan ma kyauta ake kallo.

Hajiya mai waakye: Dirhami ɗaya bayan biza da kuɗin jirgi. Ka biya mini su, in je in gani da idona, in dawo in yanke muku hukunci.

Kawu direba: Alhaji ya yi shiru.

Alhaji mai wayoyi, Aboabo: Kwastoma ne ya shigo shago. Ban janye ba.