"Ba aiki, ba albashi": tattaunawa kan salon "no…, no…" na Turanci

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Akwai wani salon magana a Turanci da nake so masana su warware mana shi, wato inda ake jera kalmar "no" sau biyu, kowace da sunan da ke bin ta, kamar "no pain, no gain" ko "no work, no pay". Babu aikatau ko ɗaya a ciki, amma masu harshen suna ɗaukarsa cikakkiyar magana. A lokacin korona ma, a shekarar 2020, ƙofofin bankuna da asibitoci da yawa an manna musu takarda mai cewa "no mask, no entry". Shin wannan salo daidai yake da namu na "ba shiga ba fita" da "ba dare ba rana", tunda siffarsu ɗaya ce?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam, Malam. Kama da wane ba ta wane. Idan Bahaushe ya ce "ba shiga ba fita", abubuwa biyu ya kore a lokaci guda, kuma ko an juya su aka ce "ba fita ba shiga" ma'anar tana nan. Shi kuwa salon na Turanci sharaɗi ne a ɓoye: ɓangaren farko shi ne sharaɗin, na biyu kuma sakamakonsa. Mai gadin da ya nuna maka waccan takarda cewa yake yi idan ba ka sa takunkumi ba, to ba za ka shiga ba. Da zarar ka juya jerin, maganar ta sauya gaba ɗaya.

Shi "no pain, no gain" tsoho ne ƙwarai. Mawaƙin Ingila Robert Herrick ya sa shi a waƙoƙinsa da aka buga a 1648, Benjamin Franklin na Amurka ya kawo makamancinsa a 1758, sannan ya cika bakin jama'a bayan 1982, lokacin da 'yar fim ɗin Amurka Jane Fonda ta riƙa faɗar sa a kasakasai na motsa jiki. Mu a nan cewa muke yi kowa ya ci zomo ya ci gudu, ko kuma sai an sha wuya akan sha daɗi.

Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta:
Malam, na yarda da bayanin sharaɗi, amma ban yarda cewa kullum haka yake ba. Mu da muka ga ƙarshen yaƙin basasa a watan Janairun 1970 mun ji Janar Gowon ya ce "no victor, no vanquished". Ba cewa ya yi idan babu wanda ya ci nasara to babu wanda aka ci da yaƙi ba. Abubuwa biyu ya kore tare, kamar yadda muke cewa an tashi ba kare bin damo. Ashe ke nan salon yana da fuska biyu, kuma ɗalibin da aka koya wa fuska ɗaya kawai zai yi wa maganar Gowon mummunar fahimta.

Malamin Turanci:
Gaskiyarki, Hajiya, kuma hanyar bambance su ita ce wadda na ambata: a juya jerin a gani. Maganar Gowon tana jure juyi, ta mai gadi ba ta jurewa.

Lauya:
Ni abin da ya fi damuna a wannan salo shi ne wanda yake faɗar sa, domin a bakin uba nasiha ce, a bakin mai iko kuwa hukunci ne. Ku tuna yajin aikin malaman jami'o'i na ƙungiyar ASUU, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairun 2022 bai ƙare ba sai ranar 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Gwamnatin tarayya ta tsaya a kan "no work, no pay", tana kafa hujja da sashe na 43 na dokar sasanta rikicin ma'aikata, wanda ya ce ma'aikacin da ya shiga yajin aiki ba shi da hakkin albashin kwanakin da bai yi aiki ba. Malamai kuma suka juya maganar suka ce "no pay, no work", wato idan ba a biya su ba, ba za su koma su cike karatun da ɗalibai suka rasa ba. Kalmomin ɗaya ne, tsarin kawai aka sauya, amma kowane ɓangare ya ɗora wa ɗayan nauyin fara motsawa.

A ganina ƙarfin salon yana cikin abin da ya ɓoye. Bai ambaci wanda zai hana albashin ba, bai ambaci dalilin da ya sa aka daina aikin ba, bai kuma bar wurin da za a sa "amma" ba. Wanda ya ji shi sai ya ɗauka wata ƙa'ida ce da ba hannun ɗan Adam a ciki, alhali shawara ce da wasu mutane suka zauna suka yanke, kuma suna iya warware ta. Shaida a nan ita ce a watan Oktoban 2023 Shugaba Tinubu ya amince a saki albashin wata huɗu daga cikin takwas ɗin da aka riƙe. A namu fannin ma lauyoyin Ingila suna tallata kansu da "no win, no fee", wato ba za ka biya lauya ladansa ba sai an ci shari'a, amma gajeriyar maganar ba ta gaya maka ko akwai wasu kuɗaɗen da za su hau kanka ba, sai ka karanta takardar yarjejeniya.

Ɗalibar jami'a:
Barista, mu ne muka zauna a gida wata takwas ɗin nan, don haka maganarka ta shige ni. Amma ina ganin ba masu iko kaɗai salon yake yi wa aiki ba. Baƙar fatar Amurka suna da taken "no justice, no peace", wanda ya fito fili a zanga-zangar Howard Beach ta birnin New York bayan kashe wani saurayi baƙar fata a watan Disamban 1986, aka kuma sake jin sa ko'ina bayan kisan George Floyd a 2020. A nan marasa ƙarfi ne suka gindaya wa hukuma sharaɗi.

Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta:
'Yata, misalin nan naki ya tsaya daidai tsakanina da Malam. Wani zai ji shi a matsayin gargaɗi, wato idan ba a yi mana adalci ba, ba za mu bari a zauna lafiya ba. Wani kuma zai ji shi a matsayin koke, wato ga halin da muke ciki, babu adalci kuma babu zaman lafiya. Su kansu Amurkawa sun yi ta jayayya a kan wanne ake nufi. Ni na fi karkata ga cewa masu taken sun so a ji duka biyun.

Lauya:
Hajiya, a nan na saɓa miki da ladabi. Mutumin da ya ɗaga kwali a gaban ofishin 'yan sanda ba labarin halin da yake ciki ya je bayarwa ba, buƙata ya je gabatarwa, kuma buƙata ba ta da ƙarfi sai da sharaɗi.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka muku da alheri. Saura tambaya ɗaya. Kafafen labarai na Hausa yanzu suna cewa "ba aiki, ba albashi", kuma kowa yana fahimtar sa a matsayin sharaɗi. Shin mu karɓe shi, ko mu koma ga cikakkiyar jimla?

Malamin Turanci:
A kanun labari ba ni da ja, domin ya riga ya zauna a kunnen mutane kuma batun yajin aiki yana fayyace shi. Amma a ce an tarar da wani a zaune a ƙofar gida aka tambaye shi ya gari, ya ce "ba aiki, ba albashi", duk Bahaushe zai fahimci cewa mutumin ya rasa duka biyun ne. Saboda haka a takardar yarjejeniya ko sanarwar hukuma ina ba da shawarar a rubuta a fili cewa duk wanda bai yi aiki ba, ba za a biya shi albashi ba.