Musayar waƙa: abin da mai kasuwanci zai tsinta a shugabancin Sardauna

Mai Tawada:
Salamu alaikum 'yan uwa masu alƙalami. Yau ni zan buɗe fage, maganar Sardauna Ahmadu Bello ce da abin da mai kamfani ko mai juya dukiya zai koya a wajensa, ba yabon siyasa nake nema ba fa, darasi nake so.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da mulki, Mai karɓewa.

Ɗan Raba, malamin makaranta,
Katsina ce ta yi mai horarwa.

Ya nemi gadon Sarkin Musulmi,
Allah bai nufa ya samu hawa.

Abubakar ne ya hau karagar,
Shi ko bai zauna yana ta kokawa.

Gusau aka kai shi ya kama aiki,
Ya goge a hisabi da tsarawa.

Kwangila in ta kuɓuce maka yau,
Gyara aikinka, gobe na zuwa.

A 1938 aka yi neman gadon Sarkin Musulmin, sai ga shi a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa baki ɗaya.

Hajiya Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam Malam, sannu da buɗe fage. Ni kam abin da ya fi tsaya min a rai 1957 ce, lokacin da za a naɗa Firaministan Nijeriya, Sardauna ne shugaban jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa, da ya so tafiya wa zai hana shi?

Shi ne jagoran NPC duka,
Kujerar Legas ba ta fi ƙarfinsa ba.

Ya bar wa Abubakar Tafawa Balewa,
Ya zauna Kaduna, bai bi shi ba.

Mai zaƙin murya a majalisa,
Ya san gwaninsa, bai danne shi ba.

To kai maigida mai reshe uku,
Makulli bai taɓa barin aljihunka ba.

Ka naɗa manaja ka hana shi hukunci,
Ko biro ba ya saye in ba ka ce ba.

Ran da ka kwanta ciwo harka ta kwanta,
Wannan wahala ce, ba shugabanci ba.

Baba Tsohon Akawu:
Hajiya 'yata kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi, Allah ya yi miki albarka. Amma ai kafin ka miƙa wa mutum makulli sai ka fara gina mutumin tukuna, kuma nan ne Sardauna ya fi zuba ƙarfinsa, domin lokacin da Turawa ke shirin tafiya 'yan Arewa masu takardar da za su riƙe ofisoshi ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa ya matsa a horar da su a makarantar koyon mulki ta Zariya, wasu a tura su Ingila, wasu a lallashe su su shiga soja tun suna makarantar sakandare.

Turawa sun ɗaure kaya za su tafi,
Ofis ga tebur, ba mai riƙe littafi,
Ya ga horar da yara shi ne ya fi,
Zariya ta cika da masu koyon aiki.

Wasu akawu, wasu fannin shari'a,
Wasu soja, wasu kula da jama'a,
Sannan ya kafa musu babbar jami'a,
Har yau tana yaye mutanen kirki.

Bai ware Kirista ba don bambanci,
Michael Audu Buba minista mai mutunci,
Sunday Awoniyi ya samu horo da aminci,
Cancanta ce ta shigar da su ciki.

Ka ba ɗan yayarka kujerar ma'aji,
Bai iya lissafi ba, kuma ba ya ji,
Gwanin yaro ya gaji ya tafi, Alhaji,
Gobe a kamfanin gaba zai kama aiki.

Jami'ar kuwa, wato Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a 1962 aka buɗe ta.

Ɗan Sawaba:
Baba Allah ya ƙara girma, ban ƙi ko ɗaya cikin abin da kuka faɗa ba, amma tunda darasi aka ce to a faɗa har da mai ɗaci, wallahi in an rufe shi mu ne za mu maimaita shi.

Gamji babba ne, ba na musu,
Amma a bar ni in faɗi gaskiya.

'Yan adawar NEPU mutanen Malam Aminu,
Sun sha ɗauri, sun sha wuya.

'Yan doka da kotunan En'e,
Su suka riƙa tare musu hanya.

Ƙasar Tibi ta yi bore sau biyu,
Ƙorafin da aka danne ya fasa tukunya.

Mai kamfani, in a taron ofis
"Haka ne" suke ce ma gaba ɗaya,

Wanda ya ga ɓaraka ya ja bakinsa,
Asara za ta same ka kai ɗaya.

Akawun da ya ce lissafin nan da gyara,
Riƙe shi, ya fi maka mai yabon ƙarya.

Boren Tibi da nake nufi na 1960 ne da na 1964.

Mai Tawada:
Ƙanena magana ta karɓu, ba mai hana ka. Abin da ma ya fi ba ni tausayi shi ne Sardauna kansa ya ɗanɗani irin kotun nan ta En'e, a 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, sai da ya ɗaukaka ƙara kafin aka wanke shi.

An tuhume shi da kuɗin jangali,
Ɗaukaka ƙara ta kai ga wankewa.

Mai riƙon dukiyar da ba tasa ba,
Rasit da littafi su ke karewa.

Ƙanwar Kowa:
Iyayena da yayyena sannunku, ni ƙarama ce a fagen nan amma tambaya ke ci na, ku yi haƙuri da baitocin.

Ina masaƙar Kaduna ta tafi?
Na ga ƙofa a kulle, ba kowa.

Ina Bankin Arewa da ya kafa?
Sunan ma ya daina fitowa.

In ginin nasa mai ƙarfi ne,
Me ya sa bayansa ya yi ta zubewa?

Hajiya Mai Lissafi:
Ƙanwata wannan tambayar ta fi baitocinmu duka nauyi. Masaƙar Kaduna a 1957 ta fara aiki, haɗin gwiwa ne da kamfanin David Whitehead na Ingila, auduga tamu, injina da ƙwarewa nasu, kuma bayan kisan Sardauna ran 15 ga Janairu 1966 ta ci gaba da saƙa fiye da shekara talatin kafin a rufe ta a 2002, kin ga ba da mutuwarsa ta mutu ba, a hannun magada ta mutu. Bankin kuma a 2006 aka narkar da shi cikin Unity Bank. Abin yana min ciwo sosai.

Ya ga auduga na fita ɗanya,
Ya sa a saƙa ta, ba a bar ta haka ba.

Ya nemo gwani ya haɗa jari,
Bai ji kunyar koyo wurin baƙo ba.

Magada sun zo sun tarar da riba,
Ba su ware na sabon inji ba.

Lantarki ya yi ta ɗaukewa,
Kuɗin janareta bai bar komai ba.

Yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa,
Namu bai iya gogayya da shi ba.

Manomi ya bar auduga ya koma masara,
Ma'aikata dubbai ba su ga sallama ba.