Taƙaitawa: hawan keke zuwa Kwatarkwashi da sauran hanyoyi

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga maganganunku kan tambayar wace hanya ce ta fi dacewa da yawon keke.

1. Kusan kowa ya zaɓi titin Gusau zuwa Kwatarkwashi, hanyar Tsafe da Funtuwa. Kwalta ce, hawa da gangara kaɗan-kaɗan, kuma tun daga nesa dutsen Kwatarkwashi yake bayyana, ƙato, ya tsaya bisa gonaki. Waɗanda suka je bayan damina sun ce lokacin ne ya fi kyan gani, kafin hazon hunturu ya rufe shi.

2. Lokaci: a fita bayan sallar asuba, a dawo kafin rana ta take. A Maris da Afrilu kada a yi gangancin kaiwa azahar a hanya.

3. Guzuri: ruwa gora biyu, dabino, famfo, kayan faci, tub na ajiya. Ƙaya tana da yawa a gefen titi.

4. Inda aka rabu shi ne tsaro, kuma nan aka fi daɗewa. Wasu sun ce a tafi a ƙungiya, a tambayi direbobin tasha halin hanya kafin a fita, kada a wuce Kwatarkwashi. Wasu kuma sun ce sam, a haƙura da zagayen cikin Gusau har al'amura su daidaita. Ni dai ina tare da na biyun, rai ya fi kallon dutse.

5. Mutanen Kebbi sun kawo titin Birnin Kebbi zuwa Argungu: shimfiɗaɗɗe, ba duwatsu, sai fadama da shinkafa. Mai neman tsaunuka sai Zuru. A kula da manyan motoci.