Neman kalma: me za mu kira “kei truck” da Hausa?

Mai shirin motoci:
Assalamu alaikum jama'a. Shirina na rediyo na wannan makon a kan yadda Amurkawa suka rufar wa tsofaffin motocin Japan ne. Dokarsu ce ta jawo haka: motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idojin Amurka ba, ba ta shiga ƙasar sai ta cika shekara 25 daga watan da aka ƙera ta. To na shekarun 1990 duk sun cika, har Nissan Skyline GT-R R34 da ta fito a Janairun 1999 ta sami shiga tun 2024. Kuma ba masu gudun kaɗai ake wawaso ba, har da ƙananan motocin kayan nan, Suzuki Carry, Daihatsu Hijet, Honda Acty da Subaru Sambar, waɗanda suke kira kei truck, Japanawa kuma su ce keitora. Sunan ne ya tsaya mini a wuya. Na rubuta “ƙaramar motar ɗaukar kaya”, sai na ga ta yi tsawo, kuma ba ta ware komai ba, don Hilux ma ƙarama ce in ka ajiye ta kusa da tirela. Ku kawo ɗauki kafin Alhamis.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Yallabai wace wahala kake ba kanka? Ai kurkura ce. 'Yar kurkura. Leƙo bakin kasuwa ka ga yadda suke jere suna jiran lodi. Wasu kuma Haijet suke ce wa kowacce, ko da Suzuki ce.

Malamar Hausa:
Kafin a ruga, a fara gaya mana me kei ɗin take nufi a can. Suna ba ya zama daidai sai an san abin da aka raɗa wa.

Ɗan'uwanku a Nagoya:
Malama, a filin tsofaffin motoci nake aiki a nan, bari in yi bayani. Kei na nufin marar nauyi, amma a harkar mota sunan aji ne a doka, tun 1949 gwamnati ta kafa shi. Ƙa'idar da ake kai yanzu, tun Oktoban 1998: tsawo kada ya wuce mita 3.4, faɗi mita 1.48, tsayi mita 2, inji kuma cc 660. Ƙarfin injin ma kamfanonin sun yi yarjejeniya a tsakaninsu ba sa wuce doki 64. Duk motar da ta tsaya cikin wannan iyaka harajinta da inshorarta da kuɗin babbar hanya suna sauƙi, kuma lambarta rawaya ce. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin da ake sayarwa a Japan 'yan wannan aji ne. Akwai na iyali, akwai bas, akwai na kaya. Na kayan su ne keitora, kuma doka ta ce kilo 350 za su ɗauka. Manoman shinkafa ne manyan masu su, saboda hanyoyin tsakanin gonaki matsattsu ne ƙwarai, shi ya sa da yawansu tayoyi huɗun duka suna ja.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Kilo 350? Buhun siminti bakwai ke nan fa! Wallahi in direban kurkura ya ɗauki buhu bakwai ya tafi, 'yan'uwansa sai sun tambaye shi ko ba shi da lafiya. Mu nan aikin farko in ta shigo hannu shi ne a ƙara mata sifirin a baya.

Malamar Hausa:
To kun gani. Fassarar kai tsaye ita ce “mota marar nauyi”, kuma ba na goyon bayanta. Bahaushe in ya ji haka zai ɗauka ana kushe ƙarfen ne, wato gwangwani ce. Sannan akwai tarko in Mai shiri ya ce zai ari kalmar yadda take. A rubuce kei daban take, amma a baki da “kai” za ta fito. Ka ce “motar kei” a rediyo, mai sauraro a Bichi zai ji “motar kai”, ya fahimci motar da mutum ya saya don hawan kansa, wadda ba ta haya ba. An juya ma'anar ke nan gaba ɗaya.

Mai shirin motoci:
Wannan ta “motar kai” ta isa hujja, Malama. An jingine aro. Saura me?

Dillalin mota:
A-kori-kura mana. Sunan iyaye da kakanni, kowa ya san shi daga Sakkwato har Yola.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Alhaji a'a. A-kori-kura tana da hanci, injinta a gaba yake, irin Fijo 404 da 504 ta kaya. Wannan ba ta da hanci ko kaɗan, fuskarta a shafe take, direba a kan tayar gaba yake zaune. In za ka duba mai ko fulogi a Haijet ko Carry, kujera kake ɗagawa, injin yana ƙarƙashinta. Shi ya sa da rana a watan Afrilu za ka ga direba ya ninka tsohon bargo ya shimfiɗa kafin ya zauna. Bodinta kuma shimfiɗaɗɗe ne, gefe uku duk suna sauka, ka zare sakata ka loda ta inda ka ga dama. A-kori-kura ƙofar baya kawai take buɗewa. In ka haɗa su suna ɗaya, ranar da aka aiko yaro sayen kaya sai ya koma da wanda ba shi ba.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum. Ku yi hanƙuri 'yan Kano, kurkura taku ce. Mu nan in munka ga irin wagga mota kamiyonet muka cewa, ko mu kira sunan kamfanin. Kuma na ji wasu naku na kiran mai taya ukku ta ɗaukar kaya da kurkura. To wacce a ciki? Rediyo ba ta tsayawa iyaka, mu ma muna saurare.

Direban kasuwa:
Gaskiyar na Maraɗi. A bakin wasu, duk ƙaramin abin da ke ɗaukar kaya yana ƙara kurkura ne, mai taya uku ko mai huɗu. Ni dai da nake tuƙa Haijet, kurkura ake kirana da ita, kuma ina amsawa. In kun ji ƙarar injin silinda uku da safe kafin ya yi zafi, kamar mai kurkurar baki, ba za ku yi musun sunan ba.

Ɗalibi mai sha'awa:
Ni ina ganin a ƙirƙiro sabo mai daɗi. Tunda aikin jaki take yi, a ce “jakin Japan”.

Malamar Hausa:
Ɗana, mota mace ce a Hausa. Dole ka ce “jakar Japan”, kuma duk wanda ya karanta zai zaci ta ratayawa ce. Amma ba wannan ne babban dalilina ba. Dubi sunayen motocin da suka zauna a bakinmu: kanta daga Mitsubishi Canter, hayis daga Toyota Hiace, tifa, gingimari, kiya-kiya, a-daidaita-sahu. Babu wanda aka zauna a ofis aka ƙirƙira wa direbobi suka karɓa don an ce su karɓa. Ko dai sunan kamfani ne harshe ya tauna, ko laƙabi ne da ya fito daga tasha. A-daidaita-sahu ma sunan shirin gwamnatin Kano ne na gyaran tarbiyya, mutane suka ɗauke shi suka liƙa wa babur mai taya uku. Don haka in tasha ta riga ta raɗa suna, ni ba na ja da ita. Abin da ya rage shi ne a gani ko kurkura da keitora abu ɗaya ne.

Ɗan'uwanku a Nagoya:
A nan ne gizo ke saƙa, Malama. Ba kowace kurkura ce kei ba. Kamfanonin nan sun daɗe suna ƙera na fitarwa waje da inji mafi girma, cc 1000 ko 1300, da sitiyari a hagu. Piaggio ta ƙera Hijet a Italiya da sunan Porter, Daewoo ta yi Labo da Damas a Koriya a kan tsarin Carry, kamfanonin Chana ma sun yi nasu. Siffa ɗaya, amma a dokar Japan ba su cikin ajin. Ba'amurken da Mai shiri yake magana a kansa kuwa ta cikin gidan yake nema, mai sitiyari a dama. Abin da ya sa ake samunsu da araha shi ne duba lafiyar mota na dole da ake kira shaken, duk shekara biyu, ga haraji da ke ƙaruwa in mota ta wuce shekara 13. Sai tsoho ya ga gara ya sayar, alhali motar ba ta yi wata tafiya ba, daga gida sai gona. Daga nan sai gwanjo, irin na kamfanin gwanjon motoci na USS. Kowace mota da takardarta: maki 4 mai kyau ce, 3.5 da dama-dama, in ka ga R an taɓa gyara ta bayan haɗari. Ni abin da nake fara yi shi ne in kwanta in leƙa ƙasanta da tocila. In daga arewa ta fito, wajen Hokkaido, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, fenti na sama zai yi ƙyalli, ƙasa kuwa tsatsa ta cinye, ka danna da sukudireba ya shige.

Dillalin mota:
Mai shiri ka ja kunnen masu sauraro a nan, kada wani ya ji shirin ya tura kuɗi gwanjon Japan. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma hukumar kiyaye haɗurra ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Ta kan iyakar ƙasa ma an hana shigo da motoci a Janairun 2017, aka ce sai ta tashar ruwa. Su kansu Amurkawan ba su huta ba: gwamnatin tarayya ta bari a shigo da ita, amma rajista ta jiha ce, kuma a 2021 jihohin Maine da Rhode Island sun soke rajistar irin waɗannan.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Shi ya sa ake juya sitiyari. Kuma wadda aka juya ba ta ɓuya: dubi waifa, za ka ga har yanzu ɓangaren fasinja take sharewa da kyau, ta bar wa direba kusurwa da ruwa. Sandar sigina kuma tana dama. In aikin na ƙwarai ne ba laifi, in na gaggawa ne aka yanka aka yi walda, ranar da ta sake a kan titi sai dai addu'a.

Ɗan Zongon Kumasi:
Ni da zan ce a kira su “masu rawayar lamba”, sai na tuna a nan Ghana duk motar haya lambarta rawaya ce. Na janye tun kafin a kore ni.

Ɗan'uwanku a Nagoya:
Ka kyauta, don a nan ma ta kasuwanci baƙar lamba ce da rubutu rawaya.

Malamar Hausa:
To ga shawarata, kalma biyu don abu biyu. Motar kanta, ta asalin, a ce “kurkurar Japan”. Na Kano ya gane nan take, na Maraɗi kuma jimla ɗaya ta bayani ta ishe shi, kuma “Japan” ɗin ta raba ta da mai taya uku da kuma ta Chana. Ajin kuwa a kira shi da abin da ya iyakance shi, a ce “'yan 660”. Mun saba kiran mota da lamba tun zamanin 504.

Ɗalibi mai sha'awa:
Wannan ta yi, don ta kama har da ƙananan masu gudun nan, Honda Beat da Suzuki Cappuccino na 1991 da Autozam AZ-1 ta 1992. Duk cc 660 ne, kuma ba za ka ce musu kurkura ba.

Ɗan'uwanku a Nagoya:
Gyara ɗaya: kafin 1990 iyakar cc 550 ce, kafin 1976 kuma 360. Amma waɗanda ake saye yanzu galibi na bayan 1990 ne, don haka ban ƙi ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Ku rubuta 660 ɗinku. A gareji sikis-sikisti za ta koma, ko kun so ko kun ƙi.

Mai shirin motoci:
Na karɓa. Ga yadda zan faɗa: “kurkurar Japan, wato ƙananan motocin kaya marasa hanci irin su Haijet da Carry, waɗanda a can suke cikin ajin 'yan 660.” Sau ɗaya zan ambaci keitora don masu son nema a intanet. Saura ɗaya: su Skyline da Supra da RX-7 fa? Na ga wani ya rubuta “motar wasanni”, na ce wannan sai ka zaci bas ɗin 'yan ƙwallo ce.

Dillalin mota:
Motar tsere.

Malamar Hausa:
Motar tsere ita ce wadda ba ta hawa titin gari, sai fili. Waɗannan da lamba suke, ana zuwa kasuwa da su. Ni “motar gudu” zan ce.

Direban kasuwa:
Hajiya Malama, kowace mota ta gudu ce in ta sami yaro a kan totur. Motar gayu dai.

Na Maraɗi:
Wagga sai an buɗe mata zaure nata daban. Ta kurkura kuma na yarda da ita don shirin, amma ka ce “da Kanawa ke kira kurkura”, kada a ɗauka duk ƙasar Hausa haka taka cewa.

Mai shirin motoci:
An gyara, na saka “da Kanawa ke kira”. A wannan makon zan yi amfani da “motar gudu” ta Malama, wanda yake da wadda ta fi ta ya kawo kafin shiri na gaba.