Aksolotal ɗina ya fara canza launi: ciwo ne ko gado?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Watanni biyar ke nan da wani ɗan'uwana ya kawo mini aksolotal guda biyu daga Legas, wato dabbar ruwan nan ta ƙasar Meziko mai fasalin tsaka, wadda take numfashi da wata jar geza a gefen kai. Namijin fari ne mai baƙaƙen idanu, macen kuwa zabiya ce mai ruwan zinariya. Tun da hunturu ya wuce, baƙaƙen ɗigo suka feso wa namijin a ka da gadon baya, gezarsa ta koɗe ta lanƙwaso gaba, kuma yau kwana huɗu bai karɓi tana ba. Ina roƙon masana su bayyana mini ko ciwo ne, sannan ko zan samu 'ya'ya farare zalla idan na haɗa su, domin har an fara tambayata.

Mai Kifin Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Abubuwa biyu ka haɗa, kuma ɗaya ne kawai abin damuwa. Ɗigon nan ba ciwo ba ne, domin farin aksolotal mai baƙin ido yakan yi su yayin da yake girma. Koɗewar geza ita kaɗai ma ba ta isa hujja ba, saboda takan dushe idan yana kwance, ta sake yin ja idan ya motsa ko ya ci abinci. Amma idan ta lanƙwaso gaba, ga kuma ƙin cin abinci a farkon bazara, to zafi nake zargi kafin komai.

Asalin wannan dabba tafkin Sochimilko ne a birnin Meziko, wanda yake kan tudu sama da mita 2,200, shi ya sa ruwan da ya fi dacewa da ita shi ne mai digiri 16 zuwa 18, kuma da zarar ya haura 24 sai ta shiga wahala. Ka kwatanta wannan da Katsina, inda zafin Afrilu yake wuce digiri 40. Ka sayi ma'aunin zafi yau ɗin nan, ka sauke tankin ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, ka saita fanka tana kaɗa saman ruwan, sannan ka riƙa jefa robar ruwa mai ƙanƙara kana sauya ta kafin ta narke gaba ɗaya, don kada sanyin ya riƙa hawa da sauka. Ni na rasa guda a bazarar bara da aka ɗauke wuta kwana uku. Na gwada randa, amma da na auna sai na ga ba ta kai inda ake so ba.

Malamar Bayoloji:
Game da haɗa su, Malam, akwai yiwuwar ka sha mamaki, domin farin namiji da zabiyar mace suna iya haifar 'ya'ya masu duhu baki ɗaya, irin launin na daji. Dalili shi ne fari da zabiya gado biyu ne mabambanta, kuma kowannensu ɓoyayye ne, ba ya fitowa sai ɗa ya karɓe shi daga uwa da uba duka. Namijinka yana iya sarrafa baƙin launi, sai dai ƙwayoyin da suke ɗauke da shi ba su bazu a jikinsa ba, wanda shi ne asalin baƙin idonsa da ɗigon da ya tsorata ka. Ita kuwa macen ƙwayoyin sun bazu, amma ba sa iya samar da baƙin. Kowa sai ya cike wa ɗan'uwansa giɓi a jikin 'ya'yan. Farare za su fito ne kawai idan ita ma tana ɓoye da gadon fari, kuma a lokacin kusan rabin 'ya'yan za ka sa rai, ba duka ba.

Akwai kuma batun dangantaka. Yawancin waɗanda ake kiwo a duniya jikokin 'yan ƙalilan ne da aka kai birnin Faris a 1864, gadon zabiya kuwa daga wani salamanda mai zanen damisa, wato wata dabba dangin aksolotal, aka shigar da shi cikin jinsin ta hanyar haɗa su a Amurka a shekarun 1960. Idan naka biyun daga hannu ɗaya suka fito, akwai yiwuwar wa da ƙanwa ne, kuma haɗa irin waɗannan yana fito da ɓoyayyun nakasa. Mace tana zuba ɗaruruwan ƙwai a lokaci guda, ƙananan kuma suna cizge wa juna ƙafafu idan aka cunkushe su.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya saka da alheri. Na auna ruwan da la'asar, na samu digiri 27. Na raba su tanki biyu, na sa ƙanƙara, ya sauko zuwa digiri 22 da isha'i. Malama, lallai daga mutum ɗaya aka sayo su, don haka na jingine maganar haihuwa. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan riƙe wannan sanyin har damina ta sauka.