Neman kalma: me za mu kira "amorphous" da Hausa?

Malamin kimiyya, Agege: Assalamu alaikum. Ina shirya wa yaran darasin yamma bayani kan haɗin arsenik da farar wuta, As2S3, sai kalmar "amorphous" da ake siffanta gilashinsa da ita ta tsaya mini a maƙoshi. Daga Girkanci ta fito, ma'anarta "marar siffa". In na faɗa musu haka na yi musu ƙarya, domin gilashin da ake yi da wannan haɗi har idon kyamarar da ke ganin zafi cikin duhu ake yankawa daga gare shi. Siffa kam yana da ita. Ku kawo ɗauki.

Ɗalibi, Akoka: Wa alaikumus salam, Malam. Me zai hana a ce "marar tsari"?

Malamin kimiyya: Can na fara zuwa, na dawo. Ai tsarin yana nan, gajere ne kawai. Ko a dutsen nan mai ruwan ɗorawa da ake kira orpiment, wanda shi ma wannan haɗin ne, ko a gilashin, kowace ƙwayar zarra ta arsenik tana riƙe da farar wuta uku, kowace farar wuta kuma tana riƙe da arsenik biyu. A dutsen, abin ya jeru falle-falle, shi ya sa yake ɓaruwa salo-salo. A gilashin kuwa, da ka wuce maƙwabci na kusa, jerin ya ɓace maka. Kamar ragar masuntan Makoko ce da aka tula a kwalekwale: kowane ƙulli daidai yake, amma ba a shimfiɗe take ba. Tun 1932 wani masanin kimiyya mai suna Zachariasen ya siffanta gilashi da irin wannan raga.

Ɗan kasuwa, Mile 12: To Malam, a ce "barkatai" mana, a huta.

Malamin kimiyya: Alhaji, barkatai zagi ne. Yaro zai ɗauka gilashin lalacewa ya yi.

Dattijo, Idi-Araba: Ɗana, kun tafi nesa, kalmar tana masallaci. Ran Juma'a kafin liman ya fito, kowa na zaune da na dama da na hagu, ba wanda ya hau kan wani, amma ba za ka iya miƙa igiya daga bango zuwa bango ba. Ana tada iƙama, sai sahu. Dutsen naka "mai sahu" ne, gilashin "marar sahu".

Malamin kimiyya: Allah Ya ƙara girma, Baba! Wannan ta zauna daram, har ta ba ni kishiyarta kyauta. Saura ɗaya. In aka dumama marar sahun a wurin da aka zuƙe iska, ragar takan tsinke, abin da ke tashi ƙananan tarin zarra ne masu zaman kansu. Fitacce a cikinsu As4S4 ne, arsenik huɗu da farar wuta huɗu a ɗaure kamar ɗan keji, irin wanda ke cikin jan dutsen nan realgar. Idan suka sauka kan gilashi mai sanyi, wasu sukan maƙale a cikin fatar da ta kwanta yadda suke, sai haske ko ɗumi ya sa su sake ƙulluwa da juna. Me za mu kira su?

Dattijo: Realgar ɗin ma Larabci ne aka murɗe, rahj al-ghar, wato hodar kogo.

Ɗalibi: 'Ya'yan hayaƙi?

Malamin kimiyya: A'a, hayaƙi na abin da ya ƙone ne. Ka ƙona wannan a fili, iskar farar wuta mai shaƙe numfashi da farin garin arsenik za ka samu, dafi tsantsa. Nan tururi ne, ba ƙuna. Ni dai "dunƙulen tururi" ke yi mini daɗin faɗa.

Ɗan kasuwa: Malam, a layinmu in ka ce dunƙule, Maggi za a miƙo maka. Kada yaro ya je ya jefa arsenik a miyar kuka.

Ɗalibi: To "curin tururi" fa?

Malamin kimiyya: "Marar sahu" na riga na rubuta a allo. Dunƙule da curi kuma zan kai su aji ran Asabar, in ga wadda yaran za su maimaita ba dariya.